Albasar da Turawa ke shukawa cikin ɗaka domin fure

A ƙasashen Turai, idan hunturu ya kama, itatuwa sukan zubar da ganye, lambuna su zama fayau wata da watanni. Shi ya sa mutanen can suke shigo da furanni cikin ɗaka. Abin da suke shukawa wasu ƙwayoyi ne masu kama da albasa, irin su tulip, jasent da narsis. Wanda ya san albasar Galmi ya san siffarsu, sai dai su don fure ake neman su.

Ƙasar Holan ce ta fi kowa noma su. Asalin tulip duwatsun tsakiyar Asiya ne. Turkawa suka raine shi, kana wani masanin tsirrai, Karolus Kulusiyus, ya shuka shi a birnin Laidin cikin shekara ta 1593. Son furen ya kai har ƙwaya ɗaya ta irin da ba a cika samu ba takan yi kuɗin gida, kafin kasuwar ta rushe a watan Fabrairu na 1637.

Asirin aikin shi ne sanyi. Furen yana nan naɗe a cikin ƙwayar tun kafin a saye ta, amma ba ya fitowa sai ta sha sanyi. A watan Oktoba uwargida takan sami kasko mai huji a gindi, ta zuba ƙasa mai laushi, ta jera ƙwayoyin kusa da juna, tsininsu yana duban sama. Sai ta ajiye kaskon a wuri mai duhu, inda sanyi yake tsakanin digiri 5 da 9: jasent mako 10 zuwa 12, tulip kuwa har mako 16. Bayan haka a fito da shi haske, cikin mako uku ko huɗu ya yi fure. Ruwa kaɗan ake ba shi, domin yawan ruwa yana ruɓar da ƙwayar.

Nan ne ma'aikacin da ya dawo daga Faransa da tsarabar tulip yake yin asara, domin ɗarin Zinder ko Maraɗi bai kai abin da ƙwayar ke bukata ba. Dole sai firigo, shi ma ba tare da ƴaƴan itace nunannu ba, saboda iskar da suke fitarwa tana kashe furen tun yana ciki. Wanda ya fi dacewa da ƙasa mai zafi shi ne amarilis, ɗan asalin Amurka ta Kudu. Ba ya bukatar sanyi. A binne kashi biyu cikin uku na ƙwayar, a bar sauran waje, cikin mako shida zuwa takwas sai ga fure ja ko fari mai faɗin tafin hannu. Danginsu ɗaya da albasar kwaɗi da ke fure a dajinmu da damina.

Ƙwayar narsis, da ta jasent, da ta amarilis duk suna da dafi, suna sa amai da ciwon ciki. A Turai an sha samun waɗanda suka yanka narsis cikin miya, suna zaton albasa ce. Saboda haka kada a ajiye su a madafa, ko inda hannun yara zai kai.