Ko Ka San Murar Bana Ba Ita Ce Ta Bara Ba?

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya lulluɓe duwatsun Rano, sai mura ta shiga bin gidajen Dawaki ɗaya bayan ɗaya. Amma ba kowa ya san cewa ƙwayar mura mai tsanani, wadda likitoci ke kira infuluwenza, ba ta dawwama bisa siffa guda ba, domin duk sa'ad da ta shiga jiki ta hayayyafa, kwafin kanta take yi, alhali ba ta da mai gyara mata kuskure. Misalinta kamar littafin da almajirai suka yi ta juya hannu da hannu ba tare da muƙabala da asali ba, wannan ya bar ɗigo, wancan ya sauya wasali, har a wayi gari malamin da ya haddace na farko ya kasa shaida na ƙarshe. Haka garkuwar jiki ke kasa gane ta, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke zama sau biyu kowace shekara don sake zaɓen irin da za a haɗa allurar rigakafi da shi.

Wannan sauyin sannu ke nan. Wanda ya fi hatsari shi ne na farat ɗaya, saboda kayan gadon ƙwayar gutsure 8 ne, in kuwa iri biyu suka gamu a jikin dabba guda, agwagwa ko alade, sai su yi musayar gutsuren, a haifi baƙuwar da jinin ɗan Adam bai taɓa sani ba. Ta haka annobar 1957 da ta 1968 da ta 2009 suka samo asali. Marisuwa kuwa, annobar murar da ta sauka Legas a jirgin ruwa cikin Satumba 1918, ta biyo hanyar jirgin ƙasa har Kano, zuriyarta ce ke yawo cikinmu har yau.

Kaji ma ba su tsira ba. A Fabrairu 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye irin H5N1 a Afirka, a wata gona kusa da Jaji, ba a jima ba ta faɗa gonakin Kano. Da ta dawo a Janairu 2015, masana suka tarar wani reshe ne dabam.

Saboda haka, ya kai mai kiwo, in ka ga kajinka suna mutuwa rututu, kada ka yanka, kada ka kai kasuwa. Sanar da malamin dabbobi tun da wuri.