Ɗaliban Adabi da Tarihi Ba Ƴan Zaman Banza Ba Ne

A Kirkissoye, kamar sauran unguwannin Harobanda a Yamai, ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni maƙwabtanmu ne. Suna haɗuwa uku ko huɗu su kama ɗaki guda, suna karɓar bashin gari da sukari wurin mai kanti kafin burus, wato kuɗin tallafin karatu, ta fito. In aka ce yaro likita yake karanta, sai a ce madalla. In kuwa tarihi ne, ko falsafa, ko adabi, ko nazarin zamantakewa, sai a girgiza kai: wa ya taɓa cin abinci da waɗannan? Ai ba abin da suka iya sai surutu a fada, wato majalisar shan shayi, da yajin karatu.

Masu faɗin haka ba ƙiyayya ce ta sa su ba. Uban da ya sayar da gero ya aiko kuɗin haya yana da haƙƙin tambayar inda karatun zai kai ɗansa. Gaskiya ne akwai masu digiri a zaune, wasu kuma na koyarwar kwantiragi da albashin da bai taka kara ya karya ba. Sai dai rashin aikin bai tsaya kan masu tarihi ba; ya shafi masu shari'a, da tattalin arziki, har da noma. Gwamnati ce babbar mai ɗaukar ma'aikata a Nijar, kuma tun tsarin tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 ta rage ɗauka.

Batun surutun fada kuwa, ina roƙon mai zargi ya matsa kusa wata rana bayan isha'i. Zai ga buta kan gawayi, da fotokofi ɗaya da ta sha hannu a tsakiyar mutum biyar. Ɗaya na karantawa, ɗaya ya tare shi ya ce malam ba haka ya bayyana ba, wani ya mayar da maganar Hausa ko Zabarmanci don na gefensa ya gane. Inda ɗakin lacca ya cika har na baya ba ya jin malam, littattafai kuma ba su isa ba, da wannan gardamar ake cike giɓi. Nan ne ɗan Difa da ɗan Tera ke koyon yin saɓani su kuma sha shayi tare.

Batun yajin karatu kuma, ba na kare ƙona taya ko fasa gilashin motar bayin Allah, kuma shekarun karatu da suka hau kan juna asara ce. Amma a tuna 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Janar Ali Saibou, lokacin da ƴan ƙungiyar ɗalibai ta USN suka hau gadar Kennedy suna adawa da matakan tsuke kuɗin ilimi. Aka buɗe musu wuta, uku suka rasu. Jinin nan na cikin abin da ya kai ƙasar ga Babban Taron Ƙasa, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, wanda malamin tarihi, André Salifou, ya shugabanta.

Hujjar amfanin irin wannan karatu da ta fi kusa da mu ita ce ruwa. Kogin Isa ya shigo gidajen Kirkissoye a 2012, ya sake shigowa a 2020. Gina datsi aikin injiniya ne, ba gardama. To amma me ya sa mutanen da aka ba filaye a kan tudu, irin na Seno, wasu suka komo bakin kogi? Wanda ya san unguwar ya san amsar tana cikin fadamar shinkafa, da nisan kasuwa, da makarantar yara, da takardar fili, da gidan gado da ba a son bari. Auna waɗannan abubuwa, a rubuta su yadda hukuma za ta yi aiki da su, sana'a ce, kuma a sassan labarin ƙasa da zamantakewa ake koyonta. Haka masu bincike na cibiyar LASDEL, da aka kafa a Yamai a 2001, suka zauna a asibitoci suna nazarin abin da ke sa majinyaci ya fita da ɓacin rai ko da magani na nan.

Shi kansa Abdou Moumouni, wanda jami'ar ta ɗauki sunansa a 1992, masanin kimiyyar hasken rana ne, amma a 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara cikin harsunansu. A cibiyar bincike ta IRSH kuma akwai dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, waɗanda marubuci Boubou Hama ya yi ɗawainiyar fara tarawa. Da yawansu har yanzu suna jiran mai karantawa da fassarawa, kuma daga cikin yaran nan masu haya a unguwarmu za a same shi.