Littafin da ke ajiye kusa da na'ura

Aikina haɗa na'urorin intanet ne a Magaria, wani lokaci har Dungass. A bara na tarar da wata na'urar rarraba intanet mai manhajar OpenWrt, wadda 'yan sa-kai suka fara tun 2004, kowa na iya gani da gyarawa. Wanda ya haɗa na'urar ya tafi, ya bar takarda ɗaya: "A gyara lamba." Wace lamba? Na ɓata yini guda, ma'aikata na jira.

Masu rubuta bayanin irin wannan manhaja suna da ladubba. Wanda ya fi burge ni shi ne na takardar RFC 2119, da Scott Bradner ya rubuta a 1997. Ta ware kalmomi a manyan baƙaƙe: MUST na nufin dole, SHOULD ya kamata sai da ƙwaƙƙwaran uzuri, MAY ganin dama. Duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya san bambancin farilla da mustahabbi da halal, don haka abin bai yi mini baƙo ba.

Haka adireshin misali. An keɓe example.com da lambobi masu farawa da 192.0.2, don kada mai kwafa ya faɗa na'urar wani.

Yanzu duk inda na gama aiki ina barin littafi da Hausa: mataki ɗaya a layi ɗaya, kwanan wata a sama, "DOLE" da jan biro.