Ranar da muka kai yara Mize, ɗaya ta ɓace mana

Tun watan Rajab muka buɗe wani ɗan asusu daban, kowace na zuba dala 50 duk mako bayan zubin da muka saba, don yawon sallar yara. Kashegarin ƙaramar salla, mu mata 9 da yara 23 muka cika faba-faba biyu daga Bukoki zuwa gidan tarihi na Bubu Hama, wanda mutanen Yamai suka fi sani da Mize.

An kafa gidan a 1959, shekara guda kafin ƴancin kai. Akwai zakuna, kuraye, kadoji, birai da dorina. Akwai ƙasusuwan dinozor, manyan dabbobin zamanin da, waɗanda aka tono a yankin Agadas. Akwai itacen Tenere, wanda ya yi shekaru tsaye shi kaɗai cikin hamada, har wata babbar mota ta buge shi a 1973. Wani yaronmu ɗan lakkol ya daɗe gaban ƙasusuwan, ya juyo ya ce: "Inna, wa ya cinye naman?" Muka yi dariya har da hawaye.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wajen dorina jama'a ta yi yawa, kowa na ɗaga ɗansa ya gani. Da muka fito daga cunkoson muka ƙirga yara, 22. Muka sake ƙirgawa, 22. Babu ɗiyar ma'ajiyarmu, ƴar shekara 4. Uwar na tsammanin tana hannun yayarta, yayar na tsammanin tana wurinmu. Wallahi ƙafafun uwar kasa ɗaukarta suka yi, ta zauna a ƙasa tana salati.

Muka bar mata 3 da sauran yaran ƙarƙashin inuwa, mu 6 muka watsu. Bayan kamar minti 20 aka same ta kusa da ƙofa, wata tsohuwa mai saida gyaɗa na riƙe da ita. Ashe mai balan-balan ta bi. Tsohuwar ta ce mana: "Ƴaƴana, na tambaye ta sunan uwarta, ta ce Inna. Na ce ina gidanku, ta ce gida." Allah ya saka wa wannan baiwar Allah da alheri.

Laifin namu ne. Mun shiga da cewa kowa na kallon yaran, ba mu damƙa wa kowa ko ɗaya ba. A taron mako muka zauna muka tsaida waɗannan:

Kowace mace a ba ta yara 2 ko 3 da sunansu tun daga gida, ita za a tambaya. Kada a ɗora wa ƴar shekara 10 tsaron ƙanwarta, ita ma kallo ta zo.

A ƙirga yara kafin a bar kowane wuri.

A rubuta lambar talho a takarda, a maƙale ta da fil cikin aljihun yaro. A koya masa sunan uwarsa na gaskiya da sunan unguwa.

Da an shiga, a nuna wa kowa wurin haɗuwa idan an rabu.

A je da safe kafin rana ta yi zafi, da ruwa da abinci daga gida. Kuɗin alawa a raba tun a mota, don kada yaro ya bi mai talla. Hannu kuma kada ya kusanci kejin dabba.

Ƴan uwanmu na Maraɗi, Damagaram da Tawa, ko ba ku zo Yamai ba, cunkoson ƙofar fada ranar salla da na kasuwa duk ɗaya ne da wannan. Mu dai mun ci gaba da zubin dala 50, da babbar salla za mu koma, don yaran ba su gama ganin masaƙa da maƙeran azurfa ba. Allah ya raya mana su.