Sunan Gari a Kasuwar Intanet: Darasi daga Birnin Gwari



An nemi in yi bayani a kan talla a intanet, da dabarun da ɗan kasuwa zai bi har mai neman kaya ya same shi. Da yake magana irin wannan takan tashi a iska idan ba a ɗaure ta da wani wuri ba, sai na ga ya fi kyau in ɗaure ta da Birnin Gwari, garin nan da ke yammacin Jihar Kaduna, sama da kilomita 100 daga birnin Kaduna. Dalilina shi ne, da wuya a sami garin da ya fi shi nuna yadda suna ke jawo ciniki, ko ya kore shi.

Kowa a cikinku na iya gwada abin da zan faɗa. Ka ɗauki wayarka, ka rubuta sunan garin a Google. Mafi yawan abin da zai fito labarin hare-hare ne da satar mutane a hanya. Ba na cewa ƙarya aka yi, domin mutanen ƙasar sun sha wuya shekara da shekaru a hannun 'yan bindigar da suka mamaye dajin. Amma fa ƙasar nan ta masarauta ce mai tarihi, ƙasar masara da dawa da shanu, kuma a nan gandun dajin Kamuku yake, wanda aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun ƙasa a 1999. A watan Nuwamba na 2024, bayan sulhun da aka yi, Gwamna Uba Sani ya sake buɗe karar shanu ta garin wadda ta yi shekaru a rufe. To, falken da ke Ibadan ko Dawanau ta Kano, wanda ke neman masara tirela guda, ina zai ga wannan rabin labarin? Ya ga abin da ya gani, ya tsorata, ya juya wani wuri.

Domin mu gane dalilin haka, sai mu san yadda injin bincike yake aiki. Ku ɗauke shi kamar dillali a kara. Baƙo ya sauka, bai san kowa ba, sai ya gaya wa dillali abin da yake so, shi kuwa ya kai shi wurin wanda ya sani, wanda kuma ya ji mutane suna yabo. Google, wanda aka kafa a 1998, da wannan hikima ya shahara. Yana da waɗansu manhajoji masu yawo daga shafi zuwa shafi dare da rana, suna karantawa, suna ajiye abin da suka gani a wani babban kundi. Idan aka yi tambaya, a kundin yake dubawa, ya fito da shafukan da suka dace da kalmomin da aka rubuta, sa'an nan ya jera su, yana fifita waɗanda waɗansu shafuka masu mutunci suka yi nuni gare su. Manyan jaridu suna da irin wannan shaida birjik, kuma sun yi ta rubutu a kan hare-hare. Manomin Kuyello da mai awon Randagi ba su rubuta kome ba. Saboda haka dillalin bai ƙi su ba, bai dai taɓa jin labarinsu ba ne.

Abin da masana ke taƙaita sunansa da haruffa uku, SEO, ba wani siddabaru ba ne illa gyara shafinka yadda wannan dillali zai gane abin da kake sayarwa. Tushensa kuwa shi ne ka yi rubutu da kalmomin da mai saye zai yi nema da su. Na sha ganin matasa sun buɗe shafi sun raɗa masa suna mai ƙawa na Turanci, wanda ba ya nuna ko hatsi ake sayarwa ko takalmi. Mai neman masara ba ƙawa yake nema ba. Abin da zai rubuta shi ne farashin buhun masara, ko inda ake sayen masara da yawa a Kaduna. Lalle ne waɗannan kalmomi su kasance a kan shafin da cikin jimlolin farko, tare da sunan garin, da nauyin buhu, da ranar da aka sa farashin. A rubuta da Hausa, a kuma rubuta da Turanci, domin mai kamfanin abincin kaji na Kudu da Turanci zai yi nema.

A nan akwai wani abu da ya shafe mu mu Hausawa musamman. Muna da haruffa masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, amma yawancin masu waya ba sa wahalar da kansu wajen nemo su. Wanda ke neman gyaɗa, gyada zai rubuta. Malaman Hausa da ke zauren nan su yi mini afuwa, amma shawarata ga ɗan kasuwa ita ce, ya rubuta daidai bisa ƙa'ida, sa'an nan ya bar kalmar ta bayyana sau ɗaya ko biyu yadda jama'a ke buga ta. Haka nan a guji cika shafi da manyan hotuna. Wanda ke ƙauye da raunin sabis ba zai jira shafi mai nauyi ya buɗe ba, kuma Google kansa da siffar shafi ta waya yake yin hukunci.

Amma kada wani ya ɗauka sai ya mallaki shafi na kansa kafin ya fara. Akwai kayan aiki na kyauta da ya kamata a fara da su. Na farko shi ne rajistar sana'a a taswirar Google, wadda tun 2021 ake kira Google Business Profile. Mutum zai sa sunan shagonsa, da irin kayansa, da lambar waya, da lokacin buɗewa, Google kuma ya nemi shaidar cewa shagon na gaske ne. A irin wannan nema na kusa, abubuwa uku ake dubawa: dacewa da abin da aka nema, da kusanci, da shahara, wadda ta haɗa da abin da masu saye suka rubuta a kanka. Saboda haka duk wanda ka yi ciniki da shi ya ji daɗi, ka roƙe shi ya rubuta jimla biyu. Shaidar direban da ya yi lodi a garin ya isa Legas lafiya ta fi duk wani kirari da za ka yi wa kanka.

Na biyu shi ne WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018. A ganina shi ya fi dacewa da halin cinikinmu, domin Bahaushe ba ya sayen abu bai yi tayi ba. Ana jera kaya da hoto da farashi, ana aika saƙon murya ga wanda bai iya karatun boko ba, ana kuma iya kiran bidiyo a buɗe buhu a gaban mai saye, ya ga ƙwayar da idonsa, don kada ya zama cinikin biri a sama. Sai dai a kiyaye, tara lambobin mutane a riƙa cika su da talla ba da yardarsu ba ya zama abin da doka ke dubawa, tun da aka kafa dokar kare bayanan jama'a a 2023.

Yanzu sai tallar da ake biya, wadda na bari a baya da gangan. Google ya fara sayar da ita a 2000 da sunan AdWords, aka sake mata suna Google Ads a 2018. Gwanjo ne ake yi. Kowane mai talla yana faɗin iyakar abin da zai biya idan aka latsa tallarsa bayan an nemi wata kalma. Amma ba lalle mai kuɗi da yawa ne zai hau sama ba, domin ana haɗa tayinsa da ingancin tallar, watau dacewarta da abin da aka nema da kyan shafin da take kai mutum. Ta Facebook kuwa wani tsari ne daban. A can mutum ba neman kaya ya zo yi ba, hira ya zo, kai ne za ka zaɓi waɗanda za a nuna wa tallar bisa ga garinsu da shekarunsu da abin da suke sha'awa. Ta Google kamar mai shago ne da ake zuwa wurinsa, ta Facebook kamar yarinya mai talla ce da ke bin gida gida.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a nuna tallar ga mutanen garin da ake zaune. Mai masara a Birnin Gwari da ya biya kuɗi a nuna wa maƙwabtansa masara, ya kai wa mai rijiya ruwa. Kamata ya yi ya nufi inda masu saye suke, Kano da Zariya da Abuja da Ibadan. Kuskure na biyu shi ne rashin lissafi. Bari in kawo misali, ba na wani mutum ba. A ce ka kashe naira 10,000, mutum 200 suka latsa, 20 suka yi maka magana, 2 suka saya. Kowane mai saye ya tsaya maka a kan naira 5,000 ke nan. Idan tirela suka ɗauka, ka ci riba. Idan buhu ɗaiɗai ne, wataƙila ka yi aikin baban giwa. Yawan masu latsa alamar so ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan. A tuna kuma, tun watan Janairu na 2022 ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin ɗari a kan kuɗin tallar Facebook a Nijeriya, kuma dokar 2022 da ta kafa hukumar ARCON ta sa tallar intanet ƙarƙashin kulawarta.

Akwai maganar da littattafan talla na Amurka da Ingila ba za su gaya muku ba, domin ba a rubuta su don mutanen bakin daji ba. Talla nuna kai ce, nuna kai kuwa a irin wannan ƙasa yana da hatsari. Mugu ma yana da waya, kuma an san masu kai musu labari a cikin gari suke. Saboda haka a tallata kaya, kada a tallata dukiya. Kada a sa hoton sito cike da buhuna, ko garken shanu a wurin da za a gane, ko ranar da mota za ta tashi da hanyar da za ta bi. A ware lambar ciniki daban da ta gida. Ita rajistar Google ma tana ba da damar a ɓoye adireshi, a nuna yankin da ake kai kaya kawai. Mafi alheri ma, a yi tallar da sunan ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoma, yadda ba za a ce kayan na wane ne ba. Wannan yana da wata fa'ida, domin baƙo ya fi sakin jiki ya tura kuɗi ga ƙungiya mai rajista da asusun banki a sunanta.

Ku ma'aikatan gwamnati, a nan naku aikin yake. Na ce injin bincike yana girmama shafin da masu mutunci suka yi nuni gare shi. Da a ce sashen gona na ƙaramar hukuma zai riƙa buga farashin hatsi da na dabbobi kowace ranar kasuwa, da kwanan wata, da adadin motocin da suka yi lodi, to da 'yan jarida da fatake sun riƙa komawa wurin, sannu a hankali sunan garin ya fara fitowa tare da kalmar kasuwa. Ba na nufin a ɓoye labarin tsaro. Wanda ya ce wa baƙo hanya lafiya lau alhali ya san ba haka ba ne, ya ɗauki alhakin ransa, ya kuma kashe amanar da ake ƙoƙarin farfaɗowa. Ku ɗalibai kuwa, Wikipedia ta Hausa tana nan a buɗe, kuma tarihin masarautar da bayanin Kamuku da amfanin gonar ƙasar suna jiran mai rubuta su da hujja. Wannan ya ƙara muhimmanci tun 2024, lokacin da Google ya fara ɗora taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako, domin ita ma daga abin da aka rubuta take ɗebowa.

Saura abu ɗaya. Daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamba na 2021, gwamnatin Jihar Kaduna ta sa an katse layukan waya a waɗansu sassan jihar saboda tsaro, har da Birnin Gwari, aka kuma dakatar da kasuwannin mako. Duk wanda cinikinsa ya rataya ga waya kaɗai, ya wayi gari ba shi da hanyar sanar da masu sayensa ko yana raye. Haka kuma an rufe Twitter a ƙasar nan daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022. Shafin da ka buɗe a dandalin wani, rumfar haya ce. Don haka kowane ɗan kasuwa ya tanadi littafi na takarda, ya rubuta sunayen masu sayensa da lambobinsu da abin da kowa ya saba ɗauka, ya kuma sami wakili amintacce a Kaduna ko Funtuwa wanda ya san mabuɗin shafin, wanda zai iya amsa wa mutane ranar da garin ya yi shiru.

Shugaban taro, a nan zan dakata, in ba masu tambaya dama.