Gida na kanki, amma kada ki cinye guzurin tsufa

Ƴan uwa mata, wadda ta taɓa zaman haya ta san zafinsa. Wata bai ƙare ba mai gida ya aiko. Shi ya sa tambayar nan take yawan tasowa wajen zubi: mai albashi zai iya taɓa kuɗinsa na ritaya ya sayi gida?

A Najeriya an buɗe wannan ƙofa. Tun 2022 hukumar fansho, PenCom, ta yarda ma'aikacin da ya yi zubi na wata 60 ya cire har kashi 25 cikin ɗari na asusunsa. Kuɗin na kafin alƙalami ne, sauran kuɗin gidan banki ke rantawa. Abin da aka cire kuwa ba ya komawa: fanshon tsufa ya ragu, ga bashi a wuya.

Nan Nijar tsarin daban ne. Zubin da ake yanka wa ma'aikaci zuwa CNSS ba a ajiye shi gefe da sunansa. Da shi ake biyan waɗanda suka riga suka yi ritaya. Ma'aikacinmu sai dai ya ci bashin banki a riƙa cirewa daga albashi.

To mu fa, da ba mu da albashi? Fanshonmu na ɗaure a turke: awaki, tumaki, da abin da muke zubawa a asusu. Wadda ta ga yunwar 2005 a Dakoro ta san ranar da akuya ɗaya ke ciyar da gida. In kika sayar da garke duka kika zuba a gini, damina ta ƙi, bango za ki dafa?

Bashin asusu ma ba na gini ba ne. Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, rancen na ɗan lokaci ne, don sana'ar da ke juyawa ta biya kanta. Ɗakin kwana ba ya kawo riba ranar zubi.

Hanya mai sauƙi ita ce a bi a hankali. Rabon bana ki sayi fili, ki karɓi takarda da sunanki gaban shaidu, ki kai ta ofishin magajin gari. Baɗi a buga tubali da rani, wata shekara a yi rufi. Ki sayar da bunsuru, ki bar uwar garke.

Ranar zubi mai zuwa, kowacce ta lissafa: in na gama ginin, me zai rage mini a turke?