Hoton Aure Daga Faransa: Wa Ya Biya Kuɗin?

A gidan adana kayan tarihi na Louvre da ke birnin Paris akwai wani hoto da Faransawa ke ji da shi, wanda Jean-Baptiste Greuze ya zana a shekarar 1761. Sunansa L'Accordée de village, wato 'yar ƙauye da aka ba da aurenta.

Mutum 12 ne cikin ɗaki guda. Tsoho na zaune, ya miƙa hannuwa yana yi wa surukinsa nasiha. Ango na tsaye riƙe da jakar kuɗi, mai rubuta shaida na gefe da takardunsa. Uwa ta kama hannun amarya kamar ba za ta saki ba, ƙanwa ta kifa kai a kafaɗarta, babbar yaya kuwa tana bayan uba tana harara. A ƙasa ga kaza da 'yan tsakinta.

To 'yan uwa mata, jakar nan fa ba sadaki ba ce. Uban amarya ne ya ba ango! Mun san wasu mazan Tanut da Belbeji za su ce ina ma nan ne. Ai nan ɗin ma haka ne, sai dai ba a gaban shaidu ake miƙawa ba. Ango ya biya sadaki, ya kawo akwati, an ji an gani. Amma gado da katifa, kwalla da samira, har da gara, a wuyan wa suke? Uwa ce ke zubin adashe shekara da shekaru daga ribar ƙosai da man gyaɗa. In damina ta ƙi, hatsi ya yi tsada a Damargu, sai ta kai akuyarta kasuwar Bakin Birji, ko ta ci bashi, don kada dangin miji su raina ɗiyarta. Wannan wahala Greuze bai zana ta ba.

Dama ba manoma ya yi wa hoton ba. Wani babban bafade, Marigny, shi ya fara mallakarsa, sannan sarki Louis na 16 ya saye shi a 1782. Masu kuɗin birni suna son ganin talaka fes da shi, mai ladabi, wanda bai san yunwa ba. A 1789 manoman gaskiya suka tashi suna ƙona takardun harajin masu gonaki.

Shi kansa Greuze bai ji daɗin aurensa ba. Sun rabu da matarsa a 1793, ya rasu a 1805 hannu babu komai.